Mudu ɗaya nake da shi

Sana'ata awo ce. Masara, dawa, gero da wake nake sayarwa a rumfar da na gada wurin ƙanwar mahaifiyata, kuma ni 'yar zumuntar mata ce a majami'ar ECWA. Ranar Lahadi bin Yesu ba ya mini wuya: in ɗaura zanen zumunta, in buga tulu, in ba da baiko. Daga Litinin ne ake gane mai tsoron Allah, domin ran nan mudu yana hannu.

Duk mai awo ya san dabarun. Akwai mai mudu biyu, babba na saye a hannun manomi, ƙarami na sayarwa. Akwai wadda za ta kai nata a bubbuga masa gindi ya lotsa ciki, ido ba ya gani, amma kowane buhu sai ya bar mata rarar da ba tata ba. Ga algus, tsohuwar masara a ƙasa, sabuwa a sama. Ba mai kiran wannan sata. Sai dai ka ji an ce, "Ai kasuwa ce."

Littafi Mai Tsarki bai ce kasuwa ce ba. Maimaitawar Shari'a sura 25 ta hana mutum ya ajiye mudu iri biyu a gidansa, babba da ƙarami. Annabi Amos kuwa, a sura 8, ya yi maganar 'yan kasuwar da suke ƙosawa Asabar ta wuce su buɗe hatsi, su rage mudu, su ƙara kuɗi, har sharar alkama su haɗa su sayar. Ranar da aka karanta mana wurin a nazari, mata suka yi ta kallon juna, sai ka ce a layinmu annabin ya taɓa zama. Hajiyar da muke maƙwabtaka a rumfa ta ce mini su ma akwai sura guda a Alƙur'ani kan masu tauye mudu. Ashe dukanmu an faɗa mana.

Riƙe mudu ɗaya yana cin kuɗi, kuma ba na son a ɓoye wannan. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya tashi, buhu ya tashi. Wasu suka bar farashi kusa da inda yake suka matse mudu. Ni na ƙara kuɗi na bar mudu yadda yake, aka ce na faye tsada, masu saye suka watse. Masu ƙosai da masu waina ne suka fara dawowa, don su sun san yawan abin da mudu cikakke yake fitarwa a kasko. Wasu har yau ba su dawo ba. Shi ya sa raina ba ya kwanciya da shaidar da ake bayarwa a majami'a cewa da ka yi gaskiya sai arziki ya biyo baya da gudu. Ni ban ga haka ba. Abin da na samu shi ne ina zuwa Jibin Ubangiji ba tare da na kauce wa idon wata ba.

Wake ya fi mudu wahala. Ƙwari ba sa barinsa, kuma hanya mafi arha ita ce a zuba masa Sniper, maganin da ba na abinci ba ne. Saboda irin wannan guba ce Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Abin da Bature ya ƙi, shi yaranmu suke ci a alale. Na koma buhun PICS, mai leda biyu a ciki, wanda yake kashe ƙwaro da rashin iska. Kuɗinsa daga ribata yake fita, kuma ba mai sayen da ya taɓa tambayata yadda na adana waken.

Ajiya ce ta daɗe tana damuna. Karin Magana 11:26 ta ce mutane sukan la'anci mai ɓoye hatsi, ga shi kuwa ribar awo tana cikin saye da kaka a sayar da damina. Na kai wa fastonmu maganar.

"Baba, ajiyar hatsi zunubi ce?"

"'Yata, Yusufu ma ya tara hatsi a Masar. Amma da yunwa ta zo, buɗe rumbuna ya yi. Ke kina buɗewa, ko kina jira yunwar ta ƙara tsananta?"

Ina ajiya har yanzu, don da ita nake biyan kuɗin makarantar yara. Sai dai in marka ta kama, abinci ya yanke a gidaje, ba na ce wa kowa babu alhali akwai a shago. Ina fitarwa a kan farashin ranar, ko da dillalai suna raɗa mini in ƙara haƙuri sati biyu.