Abin da kantar tarihin mata ta koya mini a laburare

Laburaren da ke bin tsarin Dewey, wanda ya fito a 1876, yana ba kowane fanni lambarsa: addini 200, kimiyya 500, tarihi 900. Littattafan da suka shafi mata kuwa galibi a 305.4 ake jera su, cikin ilimin zamantakewa. Ina sabuwar ma'aikaciya aka ɗora mini haɗa baje kolin watan Maris, saboda Ranar Mata ta Duniya da ke faɗowa 8 ga wata. Na kwaso duk abin da ke wannan lamba, na haɗa da littattafan tarihin rayuwa, amma teburin bai cika ba. Waɗanda na samu ma na sarauniyoyi ne da matan shugabanni da masu lambar yabo. Mata suka zo suka duba, suka ce an yi ƙoƙari, suka wuce abinsu.

Kowa a ofis ya ɗora laifin a kan ƙarancin kuɗin sayen littattafai. Akwai wannan, amma abin da ba a rubuta ba ai ko da kuɗi ba a sayensa. Laburaren da ya zauna yana jiran kamfanonin ɗab'i su kawo masa tarihin matan da ke zagaye da shi zai daɗe yana jira. In ka bi diddigin wuraren da suka tara irin wannan tarihi, za ka tarar wani ne ya ƙi yarda a zubar da takarda. Marguerite Durand, 'yar jaridar Faransa da ta kafa jaridar da mata zalla ke gudanarwa a 1897, ta yi shekaru tana tara wasiƙu da hotuna da yankakkun jaridu, sannan ta miƙa su ga hukumar birnin Paris, aka buɗe laburare mai sunanta a 1932. Laburaren mata na birnin Glasgow da ke Scotland kuwa a 1991 ya fara, da ƙarfin 'yan sa kai. Waƙoƙin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, sun iso gare mu da Larabci da Fulfulde da Hausa ne saboda zuri'arta sun adana takardun, mata kuma sun riƙe su da ka suna koya wa na baya.

Da muka liƙa sanarwa cewa muna neman tsofaffin hotuna da takardu, wata tsohuwar ungozoma ta zo da littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ɗaure da zare, bangonsa ya yi laushi don yawan taɓawa. A ciki ta rubuta kowace haihuwa da ta karɓa: rana, sunan uwa, namiji ne ko mace. A gefen wasu layuka akwai ɗan ɗigo da jan biro. Na ce, "Mama, wannan ɗigon fa?" Ta ce, "'Yar nan, waɗannan su ne ba su kwana ba." Ta ƙi bar mana littafin, kuma gaskiyarta. Muka ɗauki hoton kowane shafi tana zaune tana kallo, muka mayar mata da kayanta a hannu. Babu littafin tarihi a ginin nan da ya gaya mini halin haihuwa a wancan zamani kamar waɗannan ɗigogin.

Daga nan aikin ya koya mini ƙa'idoji da ba a tsaya kansu ba a aji. Kafin a kunna rakoda don naɗar labarin tsofaffi, sai an gaya wa mai magana wa zai saurara, a ina za a ajiye, kuma tana da ikon cewa a goge. Littafin ungozomar cike yake da sunayen mutanen da ke raye, don haka bai hau intanet ba. Wajen shigar da abu a kundi kuma, mace ta shiga da sunanta na yanka, a ƙara na mijinta a ƙasa in ta so. Tsofaffin katunan laburare da yawa sun rubuta marubuciya a matsayin "matar wane", shi ya sa jikarta za ta neme ta har ta gaji.

Sai batun ƙofa da lokaci. Sanarwar UNESCO kan laburaren jama'a, wadda ta fara fitowa a 1949 aka kuma sabunta ta a 2022 tare da IFLA, ƙungiyar laburarori ta duniya, ta ce laburare na kowa ne ba tare da duba shekaru ko jinsi ko harshe ba. A takarda haka ne. A aikace, taron da aka sa a lokacin da iyaye mata ke ɗauko yara daga makaranta ya riga ya kore su, haka ma mai gadin da ke harara in jariri ya yi kuka. Da muka matsar da zaman karatu zuwa hantsi, muka shimfiɗa wa yara wuri a gefe da littattafan hotuna, kujeru suka fara ƙaranci. Daidaita aikin laburare da halin jama'a ba sabuwar dabara ba ce. Tsakanin 1935 da 1943, a tsaunukan jihar Kentucky ta Amurka, ma'aikatan laburare, akasarinsu mata, kan dawakai da alfadarai suke kai littattafai gidajen da mota ba ta isa.

Haɗuwar jama'a da ake yawan faɗa a jawabi, ni a wurin rubuta abin da aka naɗa na gan ta. Muka roƙi 'yan sakandare su taya mu mayar da muryoyin zuwa rubutu. Yarinya ta sa abin sauraro a kunne, ta ci karo da kalmar da ba ta sani ba, dole ta je ta tambayi tsohuwar da ta faɗe ta. Wasu tsofaffin da wani harshe suka yi magana, sai aka nemo masu fassara daga cikin baƙin da ba su taɓa leƙo ginin ba. Mutanen da shekara da shekaru gaisuwa kawai ke haɗa su suka zauna suna musu kan shekarar da aka buɗe makarantar 'yan mata ta farko a yankin. Taron biki mai babban baƙo da ɗaukar hoto bai taɓa haifar da rabin wannan ba, ko da yake shi ne manya suka fi so.

Inda har yanzu muke ja da shugabanni shi ne rahoton wata. Fom ɗin yana tambayar littattafai nawa aka ara da mutum nawa suka yi rajista. Babu gurbin murya da aka naɗa ko hoton da aka gano sunan mai shi. Ina rubuta su da biro a bayan takardar, kuma na nemi a ƙara musu layi a fom na shekara mai zuwa.