Tokar Ɓuntun Shinkafa da Kwana 28 da Na Yi Asara

A ƙauyenmu da ke kusa da Kura, ɓuntun shinkafa tsibi-tsibi yake a bayan kowane injin casa, a cinna masa wuta ya yi kwanaki yana hayaƙi. Shi ya sa da aka zo zaɓen binciken shekarar ƙarshe a sashen injiniyan sinadarai, ban yi wata-wata ba na ɗauki tokarsa, domin fiye da kashi 80 cikin ɗari nata silika ce, wato sinadarin da ke cikin yashi, ana kuma iya rage siminti da ita a kankare. Kawu ya cika mini buhu biyu yana cewa, "Ɗan nan, in dai wannan shara za ta zama gini, zo ka kwashe duka."

Wajen ƙonawa na tafka kuskuren da har yau yake ci mini rai. Malamina ya ce in tsaya tsakanin digiri 600 da 700 na ma'aunin Celsius, amma ganin wutar lantarki ba ta zama, sai na ɗaga tanderun zuwa 900 don in gama kafin a ɗauke ta. Wanke ɓuntun da ruwan asid kuwa, wanda yake fitar da fotashiyam, na tsallake shi. Tokar ta fito da ɗigo-ɗigon baƙi, tana ƙaras-ƙaras a yatsa kamar yashi, duk da haka na kwaɓa ta da siminti, na jiƙa bulullukan gwajin a ruwa na kwana 28.

Ranar da aka matse su a inji, sun riga waɗanda ba su da toka fashewa. Gwajin XRD (ana haska toka da hasken X-ray don a ga tsarin silikarta), wanda da kuɗin gyaɗar mahaifiyata na biya shi, ya nuna tsini mai kaifi a zanen sakamakon, wajen kusurwar digiri 22, maimakon faffaɗan tudun da toka mai kyau ke nunawa, ma'ana zafin ya daskarar da silikar ta zama kiristobalait, wadda da ƙyar take haɗuwa da sinadarin da siminti ke saki. Malam ya dubi takardar ya ce, "Yashi ka zuba, ba toka ba."

Na sake daga farko: wanki, shanya, sannan digiri 650 ba ƙari, ko da za a ɗauke wuta sau uku. Tokar ta fito fara sol, mai laushi kamar garin kwaɓa. Duk wanda zai bi wannan layi, ya kai tokarsa gwaji kafin ya kwaɓa komai, domin da na yi hakan, da ban zauna kwana 28 ina gadin yashi a cikin ruwa ba.