Inda aka kwana a gwajin nauyi kan manyan faifan sola

'Yan'uwa masu koyo, faifan da ke kan benci yanzu mai wat 550 ne, tsawonsa milimita 2278, faɗinsa 1134, gilashinsa milimita 3.2. Takardarsa ta ce yana ɗaukar paskal (ma'aunin ƙarfin danni) 5400 ta gaba, 2400 ta baya, bisa gwajin IEC 61215, wato ƙa'idar duniya ta gwada ingancin faifan sola. Paskal 2400 a kan faifai mai wannan girma ya haura kilo 600, wato fiye da buhun siminti 12. Sai dai a gwajin shimfiɗa nauyin ake yi ko'ina daidai, kuma a ɗaure faifan inda kamfani ya ce. Gwiwar mutum ɗaya a tsakiyar gilashi ta fi wannan ɓarna.

Ga yadda muke yi. A ɗora tsohon faifai kan reil biyu, wato sandunan ƙarfen da ake ɗaure faifai a kai, a ja zare daga kusurwa zuwa kusurwa ta ƙarƙashi, a jera ƙananan buhunan yashi masu kilo 10 daga gefe zuwa tsakiya, a auna yadda cikinsa ke lotsawa. Idan reil yana wajen kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon daga kowane ƙarshe, lotsawar kaɗan ce. Da an matsar da shi can baki, ko an kama faifan ta gajeren gefe, sai ciki ya sauka, firam ya fara murɗewa. Nan ne ƙwayoyin ciki masu samar da wuta ke tsagewa, ido ba ya gani, sai kyamarar EL mai nuna tsagewar ƙwayoyin, ko bayan watanni a ga wuta ta ragu, wani wuri yana zafi fiye da sauran.

Adadin baya, wato paskal 2400, ya fi damun mu, domin ba dusar ƙanƙara mai danne faifai ta gaba muke fama da ita ba, iskar farkon damina ce ke shiga ta ƙasa ta ɗaga faifai, musamman a bakin rufi da kusurwoyinsa. Don haka a sa kilam (maƙalin da ke riƙe faifai a kan reil) huɗu aƙalla, kowanne ya ciji firam sosai ba tare da ya taɓa gilashi ba, a ɗaure noti daidai ƙarfin da takarda ta faɗa. Reil kuma ya kama katakon rufi, ba kwano kaɗai ba.

Faifai mai gilashi biyu, kowanne milimita 2, ya fi saurin fashewa daga baki, mutum biyu su ɗauke shi a tsaye. Mako mai zuwa za mu ƙara reil na uku a tsakiya mu sake aunawa.