Ta Ƙofar Barci Muka Shiga

Ranar da maigidana ya ajiye kaki, bayan shekara 22 yana aikin soja, na ce to alhamdulillahi, zaman zullumi ya ƙare. Ba sauran kwana da waya a ƙarƙashin matashi, ba sauran faɗuwar gaba in an buga ƙofa da dare. Ya dawo da ƙafa biyu, hannu biyu, ido biyu. Da yawa cikin waɗanda suka tafi tare ba su samu haka ba, don haka duk abin da na gani daga baya sai in ce wa kaina, ke dai ki gode wa Allah.

Barci ne ya fara tona asirin. Ba ya kwanciya sai ya zagaya gida sau uku ya taɓa kowace sakata. In ya kwanta, kafin ƙarfe biyu ya farka sharkaf da gumi, wata rana da ihu, wata rana shiru, ya zauna a bakin gado har gari ya waye. Duk inda muka je sai ya nemi kujerar da ta jingina da bango, yana fuskantar ƙofa. Ya daina shiga taro. Murfin tukunya ya faɗi, sai ka gan shi tsaye cak, jijiyoyin wuya sun miƙe. Autanmu, yana da shekara 6 a lokacin, ya koyi tafiya da sanɗa a gidan ubansa, ba wanda ya koya masa. Har yau in na tuna wannan sai idona ya kawo ruwa.

Kusan shekara biyu na yi gum. Na ɗauka rufin asiri nake yi masa. Da na tashi yin magana kuma sai na yi ta a tsakiyar faɗa, na ce ya je ya ga likitan ƙwaƙwalwa. Ya dube ni ya ce, "Ni kike kira mahaukaci?" Kwana uku bai ce mini uffan ba.

Daga baya na gane ba taurin kansa ba ne shi kaɗai. A 2004 wani likitan sojan Amurka, Charles Hoge, da abokan aikinsa sun bincika dubban sojojin da suka yi yaƙi a Iraƙi da Afganistan. Cikin waɗanda aka ga alamun ciwo a tare da su, kashi 23 zuwa 40 cikin 100 ne kawai suka nemi taimako, kuma kusan biyu bisa uku sun ce tsoronsu a ɗauke su ragwaye. Mutumin da aka yi shekaru ana horar da shi ya haɗiye zafi ya ci gaba da tafiya, ba rana ɗaya za a ce ya buɗe baki ya ce ina jin ciwo ba. Tsoron kuma yana da tushe. A yaƙin duniya na farko rundunar Birtaniya ta harbe sojojinta 306 bisa laifuffuka irin su gudu daga fagen daga da ragwanci, ba a yi musu afuwa ba sai 2006, alhali tun 1915 likitoci suka fara rubutu kan sojojin da ƙarar bama-bamai ta bar su suna karkarwa, ba rauni ko ɗaya a jiki. Sai a 1980, bayan tsoffin sojojin yaƙin Biyetnam sun yi ta fafutuka, ciwon ya samu suna a kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka. Shi ne ake taƙaitawa da PTSD. Mu a tsakaninmu ciwon firgici muke ce masa.

Abin da na kasa da bakina, wani tsohon abokin aikinsa ya yi shi da tambaya ɗaya. Ni na kira shi a ɓoye. Ya zo kamar ziyara, suka yi ta hirar bariki, can sai na ji ya ce, "Saje, kana samun barci kuwa? Ni fa na yi shekara biyu ban san daɗinsa ba, sai da na je aka duba ni." Maigidana ya yi shiru, sannan ya ce, "Wa ya duba ka?" Bai ambaci ƙwaƙwalwa ba, bai ambaci yaƙi ba. Rashin barci ba abin kunya ba ne, kowa na iya kai ƙararsa asibiti. Tun daga ranar ban sake fara zancen nan da wani gida ta wata ƙofa ba.

Wurin da muka fara zuwa, minti biyar ba a yi ba aka rubuta masa ƙwayoyin kwantar da hankali, dangin diyazifam, aka ce mu tafi. Ya samu barci, amma irin na wanda aka doke. Da rana yana layi, mafarkin na nan, kuma in ƙwaya ta ƙare sai abin ya dawo da ƙarfi. Ashe ƙa'idojin jinyar wannan ciwo sun yi gargaɗi a kan irin waɗannan ƙwayoyi: suna kama jiki, ba sa taɓa tushen. Ba na cewa magani ba shi da amfani. Akwai magungunan damuwa da ke taimakon mutane da yawa, ya kuma sha ɗaya daga baya a hannun likita. Amma ba a tsayar da ƙwaya farat ɗaya, a hankali aka janye masa waccan.

A wuri na biyu muka haɗu da wata ƙwararriya a ilimin halayyar ɗan Adam, kuma abin da ta fara yi shi ne ta ce in shigo in zauna. Ta ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ta yi mana bayani cewa a fagen daga jiki yakan koyi zama cikin shiri dare da rana, wannan shirin ne ya dawo da shi gida da rai, matsalar ita ce jikin bai samu labarin an tashi daga yaƙin ba. Kuma duk lokacin da ya guje wa taro, ko ya kori tunanin abin da ya faru, yakan samu sauƙi na ɗan lokaci, sai dai gudun ne ke ciyar da tsoron. Shi ya sa jinyar da aka fi tabbatar da ingancinta ba ta lallashi ba ce. Akwai wadda Edna Foa ta tsara, inda mutum ke tunkarar abin da yake gudu kaɗan-kaɗan, zama 8 zuwa 15. Akwai ta Patricia Resick, zama 12 galibi, inda ake zama da takarda da biro ana warware hukuncin da mutum ya yanke wa kansa. Ita ya zaɓa.

Ƙwararriyar ta ja ni gefe ta ce, "Hajiya, a makonnin farko zai iya fin haka tsanani. Kada ki ce jinyar ce ta ɓata shi." Haka kuwa aka yi. A mako na huɗu ya yaga takardar da aka ba shi ya rubuta, ya rantse ba zai koma ba. Da ba a gaya mini ba, wallahi da ni zan fara cewa a bari. Na ce, "Maigida, ba sai ka yi magana ba, mu je kawai ka gaya mata ka daina." Muka je. Ya shiga don ya ce ya daina, ya fito bayan awa ɗaya da wata sabuwar takardar. Mutane da yawa a daidai nan suke yankewa, kuma ina da yaƙinin wasunsu da an sanar da na gida, da sun ƙarasa.

Abin da ya fi ba ni mamaki, ba ranar da ya kusa mutuwa ce ke hana shi barci ba. Wani yaro ne da ke ƙarƙashinsa, shi ya zaɓe shi ya tsaya a wani wuri, yaron bai dawo ba. Wani likita mai suna Jonathan Shay, wanda ya daɗe yana duba tsoffin sojojin Biyetnam a birnin Bostan, ya bambanta wannan da tsoro, ya kira shi raunin lamiri: ciwon wanda ya yi, ko ya gani, ko aka sa shi yin abin da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba. Shekaru ina ce masa ai ba laifinka ba ne, ashe maganar ba ta shiga, don ji yake ban san komai ba. Ita likitar tambayarsa ta riƙa yi: me ka sani a wannan safiyar, me kuma ka sani sai daga baya? Mutum nawa gare ka, wuri nawa ne za a tsare? Da bakinsa ya kai ga amsar. Har yau bai ba ni labarin duka ba, na kuma daina tambaya.

A bencin jira na asibitin na san wasu mata uku. Kowacce ta ɗauka a gidanta kaɗai ake wannan rayuwa. Muka fara haɗuwa mako-mako, yanzu mun haura talatin, har da iyaye mata da 'ya'ya manya. Doka biyu ce: abin da aka faɗa a nan ya tsaya a nan, kuma ba mai rubuta wa wata magani. Wata ma'aikaciyar jinya ta horar da shida daga cikinmu da wani tsari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016, na zama 5, wanda aka shirya musamman don waɗanda ba likitoci ba: yadda ake saisaita numfashi, yadda ake rarraba matsala a kama ta ɗaya bayan ɗaya, yadda ake komawa harkokin yau da kullum. Mu kanmu muka fara amfana. Rabinmu ba ma barci, wasu na fama da hawan jini, ba wanda ya taɓa tambayarmu ya jikin.

Mun taɓa kama zaure, muka rataya kyalle mai ɗauke da rubutun lafiyar ƙwaƙwalwa, muka gayyaci mazan. Uku suka zo. Da muka sake shiri sai muka ce ranar cike takardun fansho ce da neman haƙƙin waɗanda suka ji rauni, zaure ya cika. Ba dabara ce kawai ba. Mutumin da haƙƙinsa ya maƙale, ba sana'a, ba abokan da ya saba kwana da tashi da su, ko wane likita ya gani zai dawo gida ya tarar da abin da ke cin sa. A gefen teburin takardu muka ajiye tsoffin sojoji biyu da suka gama jinya. Aikinsu tambaya ɗaya ce, kun riga kun san ta.

Akwai inda muka yi kuskure mai muni. Wata ƙanwarmu ta zo da kumburarren ido, muka ce ta yi haƙuri, ciwo ne. Ba daidai ba ne. Yawancin sojoji suna dawowa ba tare da wannan ciwo ba, yawancin masu ciwon kuma ba su taɓa ɗaga wa kowa hannu ba. Inda duka ya shigo, tsira da lafiyarta da ta yara ne farko, jinyarsa ta biyo baya. Yanzu kowace mace a cikinmu ta san gidan da za ta kwana in dare ya ɓaci.

Mun kuma rasa mutum ɗaya. Ya yi wata biyu da ritaya, sai ya natsu, ya biya basussuka, ya rabar da kayansa na aiki. Matarsa ta zo tana murna ta ce ya samu sauƙi, mu ma muka taya ta. Ba wadda ta san cewa irin wannan natsuwar ta farat ɗaya, tare da rabon kaya da sallama, alama ce. Bayan rasuwarsa muka koyi yin tambayar da baki ke nauyin yi: kana tunanin kashe kanka? Bincike ya nuna tambayar ba ta dasa tunanin, hanya take buɗewa. A Amurka, inda ake ƙidaya abin da kyau, tsoffin sojoji sama da 6,000 ke kashe kansu duk shekara, kusan 7 cikin 10 da bindiga. Mummunan tunanin sau da yawa yakan zo ne ya wuce, don haka nisanta mutum da makami ko tarin magunguna a wannan lokaci yana ceton rai. Yanzu duk gidan da ake cikin damuwa muna zama da su a rubuta takarda guda: alamun da ke nuna abin na tasowa, wanda za a kira, asibitin da za a nufa, da wanda zai riƙe makullin akwatin magani. In mutum ya ce eh, ba a barin sa shi kaɗai, a ranar ake kai shi.

Shekarar farko bayan ajiye kaki tana cikin mafi haɗari, kuma a nan ne nake ganin hukumomi ko'ina suka fi sakaci. Ana sallamar mutum da takarda da musabaha, shi ke nan. Ma'aikatar tsoffin sojojin Amurka tun 2019 take kiran duk wanda ya bar aiki sau uku a shekararsa ta farko, kuma daga 2022 wanda ke cikin ƙunci yana buga 988 ya danna 1 ya samu mai saurarensa. Kiran waya uku ba abin da ya fi ƙarfin wata runduna ba ne. Da ni ake tambaya, da na ce a ƙara na huɗu, a kira matar ko uwar, a tambaye ta yadda yake barci, sannan a tambaye ta yadda ita take.

Maigidana bai koma mutumin da na aura ba, ni ma ban koma yarinyar da ya aura ba. Har yanzu kujerar jikin bango yake nema. Yana zagaya gida sau ɗaya. Yakan samu barcin awa biyar, wani daren shida, kuma in watan da yaron nan ya rasu ya kama mun san za a sha wuya, muna shirya masa. Kwanakin baya autanmu ya shigo da gudu ya banko ƙofa har bango ya amsa. Uban ya zabura, na ga kafaɗunsa sun ɗaga. Ya ja numfashi, ya sauke, ya ce, "Kai, a hankali mana." Yaron ya ce, "Yi haƙuri, Baba," ya zari ƙwallonsa ya sake fita da gudu.