Dogon hutun bana za mu kai yara Gana, kuma ta mota

Tun watan Janairu akwai wani littafin rubutu mai shuɗin bango da yake kwana a ƙarƙashin filona, irin mai shafi 60 ɗin nan da ɗalibaina suke aikin gida a ciki. A shafin farko na rubuta Ankara, watan Agusta. Ba Ankara ta Turkiyya ba, babban birnin Gana nake nufi, haka tsofaffin gidanmu suke kiransa, ni ma haka bakina ya saba. In yara sun yi barci, sanyin Jos ya sauko, sai in haɗa shayi, ni da Baban Ummi mu zauna a tabarma mu buɗe littafin, mu ƙara layi ko mu soke layi.

Ummi ce ta tayar da maganar. Ta dawo daga makaranta bayan hutun bara, ta ce an sa kowa ya rubuta inda ya je, 'yan ajinsu biyu sun rubuta Dubai. Ba ta yi ƙorafi ba. Tambayata kawai ta yi: "Mama, teku ya fi dam ɗin Lamingo girma sosai?" Shekararta 12, haifaffiyar kan dutse, ba ta taɓa ganin ruwan da ido ba ya kai ƙarshensa ba. Maganar ta tsaya mini a rai kwana da kwanaki.

Dubai dai ba tamu ba ce, ban ɓata lokaci a kanta ba. Ni malamar makaranta ce, maigidan yana da shagon kayan lantarki a wajen Tamino, mu biyar ne da yara uku. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya, duk abin da ake biya da dala ya fi ƙarfin irinmu: tikitin jirgi biyar, biza biyar, otal. Amma ƙasar waje ba sai an haye sama ba. Yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga Benin, Togo da Gana ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Dama ce da muke da ita a hannu, mun bar wa 'yan kasuwa da direbobi kawai.

Akwai kuma dalilin da ya fi wannan nauyi. Surukina, Allah ya jiƙansa, a zangon Kumasi aka haife shi. Kakanninsa fataken goro ne, irin waɗanda suke bin hanyar Gwanja da jakuna. A 1969 gwamnatin Busia ta ba da umarnin baƙin da ba su da takardun zama su bar ƙasar, sai mahaifinsa ya tattaro iyali suka dawo, suka sauka a Jos. Amma 'yar'uwar surukin nawa ɗaya tana da aure a can, ta zauna. Ita ce Goggo, yanzu tana unguwar Nima a Ankara, ta tsufa ƙwarai, kuma ba ta taɓa ɗora ido a kan jikokin ƙaninta ba sai a hoton WhatsApp. Da na ce wa maigidan mu je Gana, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Maman Ummi, in Allah ya sa muka same ta da rai, ai kuɗin bai tafi a banza ba."

Abin da ya fara ba ni mamaki da na zauna lissafi shi ne, takardu sun kusa cin abin da mota za ta ci. Kowane yaro sai da nasa, har auta mai shekara 4. Fasfo mai shafi 32 ya koma naira 100,000 tun watan Satumban 2025. Ni da maigidan muna da namu tun lokacin Umara, ba su ƙare ba. Na yaran uku kuwa sai muka nemi takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS, wadda ofishin shige da fice ke bayarwa, ta fi fasfo sauƙin kuɗi kuma tana aiki a duk ƙasashen da za mu ratsa. Ranar ɗaukar hoto auta ya ƙi tsayawa, ya riƙe gefen mayafina gam, sai da yayansa ya tsaya a bayan mai ɗaukar yana kaɗa masa makullin mota kafin ya ɗago kai.

Sai katin rigakafin cutar shawara, mai ruwan ɗorawa ɗin nan. Kada wanda ya raina shi, ana tambayarsa a boda. Allura ɗaya ce, ta isa har ƙarshen rayuwa, amma sai ta kwana 10 a jiki kafin katin ya fara aiki, don haka ba abin da za a bari sai ana gobe tafiya ba ne. Mu tun Afrilu muka gama da shi. Na haɗa har da takardun haihuwar yaran, na yi kwafi biyu-biyu, kashi ɗaya a jakata, ɗaya a ta maigidan.

Kuɗin kuwa adashi ne. Mu goma ne a makarantarmu, zubin dubu 40 duk wata, na roƙi uwar adashi ta sa kwasata a watan Yuli, ta yarda. Maigidan yana ware wani abu duk Juma'a daga cinikin shago. Ba mu ɗinka wa kanmu sabon kayan ƙaramar salla ba, na yara kawai aka yi. Wani abu da na koya: kada a tara kuɗin tafiya duka a naira har sai ranar tashi. Sefa da ake kashewa a Benin da Togo a ɗaure take da yuro, sefa kusan 656 a yuro ɗaya, ba ta motsi, naira ce ke hawa da sauka a gabanta. Saboda haka duk lokacin da maigidan ya shiga Abuja sarin kaya, sai ya biya wajen 'yan canji a Zone 4 ya sayi kaɗan ya ajiye. Kuɗin Gana, wato sidi, sai mun isa boda. Katin banki zan riƙe shi, amma ban jingina da shi ba.

A watan Maris na so in yi gaggawa. Na ga tallan wani mai shirya tafiye-tafiye a Facebook, wai mota da masauki da abinci duk a dunƙule, farashin kamar kyauta. Na tura masa kuɗin ajiye gurbi, dubu 25. Bayan mako biyu lambarsa ta daina shiga. Abin ya yi mini ciwo, don na san gumin da ke cikin kuɗin nan. Tun daga ranar duk abin da zan biya sai na ga ofis da rasit, ko kuma wanda na sani ya taɓa bi ta wajen.

Hanyar ita ce muka fi jayayya a kai. Shi yana so mu yi ta a miƙe, mu huta a can. Ni na ce da yara uku ba zai yiwu ba, kuma ba tafiyar dare ko ta minti ɗaya. A ƙarshe ga yadda muka tsaya. Daga Jos mu bi ta Akwanga da Keffi mu kwana Nyanya wajen ƙanwata. Da asuba mu hau doguwar bas zuwa Legas ta Lakwaja, mu kwana biyu a Agege gidan abokin maigidan, yara su warware gajiya. Daga nan sai bodar Seme mu shiga Kwatano. Manyan motocin da ke zuwa Ankara kai tsaye daga Legas suna da sauƙin kai, don su ke tattara takardun fasinja a kowace boda, amma yini guda cur ake yi a zaune, boda uku: Seme, Hilakonji tsakanin Benin da Togo, sai Aflawo a bakin Gana. Za mu bi irinsu a dawowa. A zuwa kuwa ina so mu tsaya.

Kwana biyu a Kwatano, a unguwar Zongo, inda za ka yi ciniki da Hausa ka ji kiran salla kamar kana Bauchi Road. A nan Ummi za ta fara ganin tekunta. Na riga na gaya musu ba mai shiga ruwa, igiyar ruwan gaɓar nan tana da ƙarfin ja, iyakarmu jiƙa ƙafa. In kuɗi ya bari za mu je Ganbiye, garin da aka gina a kan turaku a tsakiyar tafkin Nokuwe, inda kasuwa ma a cikin kwalekwale ake cinta. Lome wucewa kawai za mu yi. Daga Togo agogo yana komawa baya da awa ɗaya, na rubuta wannan da jan biro saboda lokutan salla da na tashin mota.

Masauki a Ankara shi ne inda na dage. Goggo ta ce kada mu kuskura mu kama ɗaki, gidanta gidanmu ne. Na san da zuciya ɗaya ta faɗa. Amma Nima unguwa ce mai cunkoso, gidan haya ne, 'ya'yanta da jikokinta suna ciki, ga mu baki biyar. Baƙo raɓa ne. Na ce wa maigidan kwana uku a wajenta ya isa a cika zumunci, sauran kwana huɗun mu kama ɗaki biyu mai kicin a kusa, mu riƙa zuwa mata yini. Araha da za ta sauka a wuyan tsohuwa ba na son ta. Kuma kicin ɗin shi ne rabin tsimin tafiyar: zan tafi da garin kunu, yaji, kuka, daddawa da busasshiyar kuɓewa, karin safe da na dare daga tukunyata, na rana kawai za mu saya. Abincin titinsu ma ba baƙo ba ne a bakinmu. Wake da shinkafarsu da suke dafawa da karan dafi sunanta daga Hausa ya fito, haka tuwon zafi, haka koko da ƙosai da safe.

Tsaraba tana cikin lissafi tun farko, ba abin da ya rage ba. Mudu biyar na acca, wadda Goggo ta ce rabonta da ita tun zuwanta jana'izar ƙaninta, da turmin atamfa, da zuma daga Filato. Duk za su shiga babbar jakar leda mai ratsi-ratsi da ake kira "Ghana Must Go", wadda ta samo sunanta daga korar 'yan Gana da aka yi daga Najeriya a 1983, zamanin Shagari. Na zaunar da yaran na ba su labarin biyun a haɗe, na 1969 da na 1983, don su san an yi wa kowa, kuma a cikin gidansu ma akwai wanda ya ɗauki kaya a ka.

Wuraren zuwa ban cika su ba, biyu na zaɓa. Juma'a a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, dab da Nima, wanda aka buɗe a 2021, ginin Turkawa mai dogayen hasumiyoyi. Wannan ba ya cin ko sisi. Sai yini ɗaya zuwa Elmina, tafiyar kamar awa uku zuwa huɗu daga Ankara, inda ginin da Turawan Fotugal suka kafa a 1482 yake tsaye har yau, da ɗakunan da aka riƙa tsare bayi kafin a zuba su a jirgin ruwa. Baƙi suna biyan kuɗin shiga fiye da 'yan ƙasa, na ware shi daban. Ina so manyan biyun su tsaya a cikin ɗakunan nan. Ina kuma so in gaya musu gaskiya, cewa kasuwar Salaga da kakanninsu suke zuwa sarin goro, har mutane ake sayarwa a cikinta.

Agusta a Jos ruwa ne ba dare ba rana, da hazo a kan duwatsu. A gaɓar Gana kuwa lokacin ruwa ya ɗan ɗauke, zafi ya sauka, don haka rigunan sanyinmu a Nyanya za mu bar su. Gidan sauro biyu da maganin zazzaɓi suna cikin jaka tun yanzu. A shafin ƙarshe na littafin akwai kuɗin ko-ta-kwana, kashi ɗaya cikin biyar na duka, da kuɗin makarantar zangon farko na Satumba wanda na rufe a wani asusu dabam, ba mai taɓa shi ko me ya faru.

Jiya da daddare jikar Goggo ta turo saƙon murya. Muka kunna, yaran suka kewaye wayar. Muryar tana rawa, Hausarta da ɗan karin can, tana kiran maigidan da sunan da mahaifinsa kaɗai yake kiransa da shi. Ta ce ta sa an gyara gadon ƙarfen da ke ɗakinta, ita da Ummi za su kwana a kai, kuma a gaya wa auta akwai kaza da ta ware masa, tana nan tana kiwo. Saura kwana 47.