Permina na farko da buhunan albasar Kawu

Tun kafin in taka ƙofar oto-ekol, makarantar koyon tuƙi, na iya tada mota, kuma wannan iyawar ce ta fara cutata. A Tahoua na taso, gidan kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda sana'arsa albasa ce. Yana da wata tsohuwar Toyota mai buɗaɗɗen baya da ke jigila tsakanin gonaki da kasuwa. Ina shekara 14 nake wanke ta, ina 15 na fara fito da ita daga gida zuwa bakin hanya, kafin in kai 17 har gona nake kai taki idan direba ya makara. Ba wanda ya taɓa tambayata takarda, sai na ɗauka a raina ni direba ne.

Da Kawu ya buɗe rumfa a kasuwar Katako ya dawo da ni Yamai, ranar farko na miƙa hannu zan ɗauki makulli, ya riga ni.

"Mi zaka yi da shi?"

"Kawu, kaya zan ɗauko."

"A Tahoua kowa ya san ɗan wane ne kai. Nan polis takarda ya sani. Tahi ka yi permi."

Shekaruna sun cika 18, wato dai-dai lokacin da doka ta yarda a nemi permin ƙaramar mota. Na haɗa takardar haihuwa, katin ɗan ƙasa, hotuna da takardar likita, na kai wata oto-ekol a Bukoki. A tunanina sati biyu sun isa. Sai na tarar jarrabawar hawa uku ce: kod, wato dokokin hanya, kreno, wato ajiye mota da baya, sannan kondit, wato tuƙi a kan hanya, kuma wanda bai haye na farko ba ba ya ganin na biyu.

Ajin kod ɗaki ne ɗaya da bencina da fanka mai kuka. Akwai ma'aikatan gwamnati, ɗalibai, samari ƴan kabu-kabu, da wata Hajiya mai sayar da atamfa da ta ce ta gaji da jiran direba. Malaminmu, Mushe, ya zana mahaɗar hanya a allo, babu fitila, babu alama, babu polis, ya sa motoci biyu, ya ce wa zai fara wucewa? Na ɗaga hannu da ƙarfina na ce, "Wanda ya riga sa kai." Ajin ya fashe da dariya. Mushe bai yi dariya ba, ya ce, "Kai ka taɓa tuƙi ko?" Na ce e, ina jin daɗi. Ya ce, "Shi ya sa. Irinku kun fi wahalar koyarwa."

Amsar ita ce wanda ya fito daga hannun damanka shi ke da hanya. Shekara uku ina tuƙi ban taɓa ji ba. Daga nan abubuwa suka yi ta fitowa waɗanda idona ya saba gani amma bai taɓa karantawa ba. Allo mai kusurwa uku da jan baki gargaɗi ne, akwai haɗari a gaba. Mai zagaye da jan baki hani ne. Mai zagaye shuɗi umarni ne. Kusurwa uku da aka kifa kanta ƙasa tana nufin ka ba wasu hanya, STOP kuwa sai ƙafafun mota sun tsaya cak, ko da hanyar fayau take. Farin layi da bai yanke ba a tsakiyar gudron katanga ce, ba a tsallake shi. Har masu ba da umarni akwai babba da ƙarami: hannun polis ya fi fitila, fitila ta fi allo, allo ya fi dokar hannun dama. Dukkansu da Faransanci ake rubuta su, Mushe kuma ya yi ta juyawa da Hausa da Zabarmanci har muryarsa ta dushe. Na sha ganin mutum ya gane doka sarai, kalmar Faransancin ce kawai ta kayar da shi, kuma har yau ina ganin wannan ba adalci ba ne.

Darasin da ya fi zama mini a kod ba a cikin aji aka yi shi ba. Wata rana Mushe ya fitar da mu waje, ya ja layi a ƙasa da ƙafarsa, ya yi taku yana ƙirgawa har ya kai kusan mita 14, ya tsaya kusa da teburin mai shayi. Ya ce motar da ke gudun kilomita 50 a awa, wannan tazarar take ci a daƙiƙa ɗaya. Daƙiƙar nan kuwa ita ce tsakanin idonka ya ga yaro da ƙafarka ta taɓa birki, tun birkin bai fara aiki ba. Ya ƙara da cewa idan ka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke buƙata sau huɗu take ninkuwa. Na tsaya ina kallon layin da teburin mai shayi, ina tuna yadda nake ratsa unguwarmu a Tahoua lokacin da yara ke tashi daga makarantar allo. Jikina ya yi sanyi.

Kod na ci a karon farko. Ana cikin jiran kreno wani mutum ya same ni a gindin bishiya, ban san shi ba, ya ce yana da hanya, in na kawo wasu jikkuna ba sai na wahala ba, takarda za ta same ni har gida. Ba zan ɓoye ba, maganar ta kwanta mini. Da dare na kai wa Kawu ita a kaikaice, kamar labarin wani. Ya gama cin tuwonsa, ya wanke hannu, sannan ya ce, "Takardar za ka saya. To birkin fa, wa zai taka maka shi?" Bai ƙara ba, ni ma ban sake tada zancen ba.

Sai kreno. Wanda bai sani ba zai raina shi: sanduna ne aka kakkafa, ka shigar da mota da baya tsakaninsu, ka daidaita ta, ka fito, ba ka taɓa ko ɗaya ba, injin bai mutu ba. Ni da nake shiga gida da baya tun ina yaro, ko atisaye ban yi sosai ba. Ranar jarrabawa muka yi layi tun da safe, rana ta fito ta zauna mana a ka. Hajiya mai atamfa ta riga ni shiga. A hankali ta yi ta ja, kamar mai ɗauke da ƙwai, tana duba madubi, ta shiga ta fito lafiya, mata suka yi guɗa. Da aka kira ni na zauna ban gyara kujera ba, ban taɓa madubi ba, na juya wuya ta taga yadda na saba a motar Kawu. Motar oto-ekol kuwa ƙarama ce, ambiriyajinta a sama yake kamawa. Na saki ƙafa, ta zabura, na danne, ta mutu. Na sake tadawa hannuna na rawa, na murɗa bolan da wuri, sai na ji ƙwas a baya. Sandar ta yi tangaɗi, ta yi tangaɗi, kamar tana shawara, sannan ta kwanta. Mai jarrabawa ko ɗaga murya bai yi ba. Ya ce, "Sauka."

A faba-faba, ƙaramar bas ta haya, na koma gida, na rakuɓe a kujerar baya. Abin da ya fi ƙona mini rai ba faɗuwar ba ce, yadda zan faɗa wa yaran rumfa ne, waɗanda na cika wa baki. Kawu da ya ji, cewa ya yi, "Alhamdulillahi, sanda ce." Na ɗauka ba'a yake mini. Daga baya na gane da gaske yake.

Makonnin da suka biyo baya sauke kaya na yi, ba ɗauka ba. Mushe ya zauna gefena yana tsince mini halaye ɗaya bayan ɗaya: ƙafata da ke kwana kan ambiriyaj, hannu ɗaya a bolan ɗaya a taga, juyawa ba sigina, sakin witas a gangara don wai a rage shan mai. Duk a wajen manya na gani na kwaikwaya, ban taɓa tambayar dalili ba. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni dai na sa shi a wuya na ji nauyinsa. Karo na biyu na ci kreno, kondit kuma bai ba ni wahala ba, zagaye ne cikin gari, na tsaya inda ake tsayawa, aka ce na ci.

Da permin ya fito na ga harafin B. A nan wani sabon karatu ya fara, don ni a da ina ganin permi permi ne, in ka samu ka samu. Ashe gida-gida ne. A na babur ne. B na motar da nauyinta har da kayanta bai wuce kilo 3,500 ba, kujerunta kuma ba su wuce tara ba har da ta direba. C na manyan motocin kaya ne. D na motocin fasinja masu kujeru fiye da haka, irin faba-faba da manyan bas-bas na tafiya. E na jan tirela ne. Na manyan ana neman shekaru fiye da na B, kuma likita na da ta cewa, musamman kan ido. Abokaina ƴan kabu-kabu da yawa ba su ma san babur na da nasa harafin ba.

Da farko na ɗauki haruffan nan kamar galan soja, wai mai C ya fi mai B girma. Tafiya ɗaya ce ta gyara mini tunani. Lokacin kakar albasa Kawu ya aike ni Galmi in rako kaya, na dawo a gaban kamiyo tare da wani dattijon direba da ya fi shekara talatin a hanya. Mun baro Konni da yamma, mota cike taf, warin albasa har cikin ido. Na lura tun kafin gangara ta zo yake rage witas, injin na gurnani, ƙafarsa ba ta cika zuwa birki ba. Na ce, "Baba, ai hanyar a buɗe take." Ya ce birkin babbar mota in ka yi ta dannawa zafi yake ɗauka, in ya yi zafi kuma ya daina jin magana, gara injin ya riƙe ta. Bayan Dogondutsi garken shanu ya ɓullo yana tsallaka gudron, can nesa, inda ni a motar Kawu ko ɗaga ƙafa ba zan fara yi ba tukuna. Shi tuni ya fara tsayawa. Iska na huci a ƙarƙashinmu, buhuna na turo mu daga baya, ina jin nauyin a ƙashin bayana. Muka tsaya saura ƴan taku tsakaninmu da saniyar ƙarshe, ɗan Fulani ya ɗaga mana sanda. Baba ya ce, "Ka gani? Kai mota kake tuƙawa. Ni kaya nike tuƙawa."

Tun daga ranar nake karanta haruffan a matsayin ma'aunin nauyi: nawa ka ɗauko, mutum nawa ke bayanka, tazara nawa kake buƙata kafin ka tsaya. Na koma na buɗe kart-giriz, wato takardar rajistar motar Kawu, na ga an rubuta iyakar nauyin da aka yarje mata. Babban buhun albasa yakan haura kilo 100, na yi lissafin abin da muke ɗora mata, na ga mun daɗe muna zaluntarta. Da na faɗa wa Kawu ya harare ni, ya ce yanzu na zama mushe ke nan. Amma washegari ya sa aka sauke buhu uku.

Akwai kuma abin da kod bai faɗa ba, Yamai ce ta koya mini. Watan farko da permi a aljihu na zama mai neman haƙƙi. In doka ta ba ni hanya sai na shiga, ko me ke tahowa. Wata safiya wajen Wadata na zo mahaɗa, ni ke hannun dama, na sa kai, sai ga ɗan kabu-kabu ɗauke da mace da goyo ya shigo ta hagu ko waiwaye bai yi ba. Na taka birki har buhu ya faɗo. Allah ya kiyaye, ban taɓa su ba. Na leƙo ina faɗa, ina cewa ni ke da hanya. Wani tsoho mai tura amalanke ya dube ni ya ce, "To, da ka take su, sai ka kai wa uban yaron hanyar taka." Ban sami amsa ba. Yanzu in na zo mahaɗa ina sane da wanda doka ta ba hanya, amma ba na shiga sai na ga idon ɗayan, na tabbata shi ma ya gan ni. A gadar Kennedy da yamma, inda motoci da babura da masu ƙafa ke cakuɗewa, wani lokaci har da raƙumi, haƙuri ya fi sigina aiki.

Hajiya mai atamfa ina ganinta jefi-jefi, tana tafe a hankali da hannu biyu a bolan, ana ta yi mata oda a baya ko a jikinta. Ni kuwa shekaruna sun kai na neman C, na fara tara kuɗin. Kawu ya ce in bari sai bayan damina, kuma kafin nan in ƙara tafiya biyu ko uku gefen Baba, in riƙe masa ruwan shayi, in yi shiru. Jibi za mu tashi Galmi bayan sallar asuba.