Abin da gadon Nemo ya koya mini game da tsara shafi

Lokacin da nake koyon zanen labari, al'adata ita ce in ɗauki rula in raba shafi gida shida daidai wa daida, sannan in cusa labarin a ciki ko ta halin ƙaƙa. Malaminmu bai tsaya dogon bayani ba. Ya miƙo mini shafukan Little Nemo in Slumberland, wanda Winsor McCay ya fara fitarwa a jaridar New York Herald ta Amurka ranar 15 ga Oktoba, 1905, ya ce in zaɓi ɗaya in kwaikwaye shi da hannuna.

Labarin wani yaro ne mai suna Nemo, wanda kowace Lahadi yake mafarkin ƙasar Sarki Morpheus, a gidan ƙarshe na shafin kuma ya farka, sau da yawa bayan ya faɗo daga kan gado. Na zaɓi shafin 1908 inda ƙafafun gadon suka yi ta tsawo har ya fita waje yana tsallake rufin gidaje. Sai da na kama fensir na lura cewa gidajen zanen su ma suna miƙewa tare da ƙafafun, ta yadda idon mai karatu yake hawa sama tun kafin ya fahimci abin da ke faruwa. Daga ranar na daina yanka shafi kafin in san abin da labarin yake buƙata.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne gine-ginen. Da ina zaton mafarki dama ce ta yin zane sakaka, amma McCay ya auna kowace taga da kowane ginshiƙi kamar mai zanen gini, kuma wannan tsantseni ne ya sa gado mai tafiya ya zama abin gaskatawa. Na share layukana har takarda ta kusa hujewa.

Akwai kuma Impie, yaron daji da McCay ya zana a cikin labarin da siffar da Turawan zamanin suke wulaƙanta baƙar fata da ita. Ganinsa ya sosa mini rai, musamman da yake hannun da ya yi wa tagogi adalci ne ya kasa yi wa fuskar mutum irina. Tun daga lokacin, idan zan zana wanda launin fatarsa ba irin nawa ba ne, sai na nemi mutane na gaske na dube su da kyau kafin in ɗora fensir a takarda.